Ranar da Ƙofar Jirgi Ta Raba Ni da Kakata

Shekarun baya, uku da ɗan ɗoriya, na ɓatar da kakata a ƙarƙashin ƙasa. Wasu waya suke ɓatarwa, wasu makulli. Ni tsohuwa sukutum na ɓatar, da mayafinta da butarta, a ƙasar da ko sannu ba ta iya cewa da yarensu ba. Yau na ga ya kamata ku ji, tunda masu hushi sun daɗe da hucewa.

Lokacin shekarata goma sha huɗu, watanmu takwas da zuwa Guangzhou wajen mahaifina, wanda ke aikin tura wa 'yan kasuwa kayansu gida daga unguwar Xiaobei. A cikin wata takwas ɗin nan, a ganina na gama haddace ƙasar Sin. Alhali duk Sinancin da na iya bai wuce kalma uku ba: lawban, wato mai shago, meyo, wato babu, sai shiye-shiye, na gode. Amma in ina waya da abokaina na Kano, sai ka rantse ni nake yi wa gwamnan garin tafinta.

Kakata, mahaifiyar babana, ta zo ne a cire mata yanar ido. An yi wa ɗaya aiki, ɗayan sai bayan wata guda. Da ido guda take gani, shi ma in fitilu suka yi yawa sai ta ce mutane sun koma mata inuwa.

Akwai abin da ya kamata ku sani kafin mu shiga jirgi. Sunan kakana aka sa mini, wato mijinta, wanda ya rasu ina ɗan ƙarami. Saboda haka a gidanmu sunana garwashi ne, ba mai ɗauka. Mahaifina Babana yake ce mini, mahaifiyata mai sunan Malam, kakata kuwa Maigida. Tun ranar da aka ɗaura musu aure, sama da shekara hamsin, ba ta taɓa furta sunan nan ba. Ko wani daban ne ke da shi, sai ta ce "mai irin sunan nan". Na sha ɗana mata tarko.

"Hajiya, wa ya fi kowa kyau a jikokinki? Faɗi sunansa kawai in ba ki goro."

"Mai kunne kamar faifai dai ba ya ciki," in ji ta. "Tashi ka ba ni wuri."

To, matar ƙanen babana ta haihu a wani gari, aka ce za mu je suna a jirgin ƙasa mai gudun nan, wanda ke tashi daga babbar tashar kudu. Lokacin baje kolin Pazhou ne, gari ya cika da baƙi. Mahaifina zai fita da nasa baƙin tun da sassafe, ya ce mu haɗu a tashar kudu bayan azahar. Mahaifiyata kuwa tuwon da take dafa wa 'yan kasuwa ya riƙe ta, ko sosa kai ba ta da sarari. Rakiya ta faɗo kaina.

Hanyar ba wuya. Daga Xiaobei tasha ɗaya ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa. A nan ake sauka a sauya layi, a hau wanda zai miƙe kudu.

Kafin ya fita, mahaifina ya ba ni fasfo ɗin kakata da wata takarda da aka rubuta lambar wayarsa da adireshin gida da Sinanci.

"Fasfo ka riƙe. Takardar nan a mayafinta za ka ɗaure. Kuma ka riƙe hannunta, ka ji ni ko?"

"Haba Abba, ni fa ake tambaya hanya a garin nan."

Takardar ta shige aljihuna tare da fasfo. Jagora ai shi ke riƙe takardu. Hannu kuwa, da na kama, fizgewa ta yi.

"Sake ni. Makauniya aka ce maka? Ido ɗaya ma ya ishe ni ganin muninka. Wuce gaba da kaya, ina biye."

Tsohuwar tashar nan, in ba ku taɓa gani ba, ku ɗauka an ɗebo Kantin Kwari ranar jajiberin salla, an tona rami an zuba. Masu sauka daga jirgin ƙasa na sama suna gangarowa da akwatuna da buhuna, wani har da bokiti da tabarma. Masu sauya layi suna gudu kamar an biyo su. Matakala na tafiya da kanta, fitilu ko ta ina, lasifika kuma ba ta yin shiru ko na ƙiftawar ido. Ni na daɗe da koya wa kunnena kada ya kula ta, tunda ba abin da nake fahimta.

Muka sauka lafiya, muka bi doguwar hanyar sauya layi, ina gaba da jaka, ina jin takun silifas ɗinta a bayana. Muna isa bakin layi jirgi na tsaye. Ƙofa biyu ce, ta gilashi a bakin dandamali, da ta jikin jirgin, kuma tare suke rufewa. Na hango kujera guda ba kowa. Na kutsa kamar ɗan ƙwallo, na ture wani bawan Allah, na dire jaka a kan kujerar, na juyo ina murmushin nasara.

"Hajiya, ga wu..."

Hajiya tana waje, taku uku daga ƙofa. Ta ga wata mata baƙar fata sanye da atamfa, ta tsaya.

"Sannu baiwar Allah. Ina gajiya? Ya mutan gida? Ya baƙunta?"

Kakata ba ta taɓa yanke gaisuwa a tsakiya ba. Kuma a saninta mota ba ta tashi ta bar babba tsaye. Da ƙofar ta fara ƙara, ko juyowa ba ta yi ba. Hannu kawai ta ɗaga wa jirgin, irin yadda ake cewa direba ya ɗan dakata.

"Hajiya! Hajiya!"

Mutane suka danno ciki, suka mai da ni baya. Ƙofofin suka haɗe. Na dinga bugun gilashi. Sai a lokacin ta juyo, tana kallon jirgin da idonta guda, tana neman inda muryata ta fito. Ba ta gan ni ba. Na ga bakinta ya ce Maigida. Sai duhu.

Tsakanin tashar nan da ta gaba minti biyu ne. Wallahi na yi shekara a ciki. Na sa hannu a aljihu don in ɗauko waya, sai yatsuna suka taɓa takardar nan. Ga fasfo, ga adireshi, ga lambar Abba, duk suna tafiya kudu tare da ni. Ita kuwa ba waya, ba takarda, ba yare. Buta kawai da carbi.

Ina sauka na tsallaka ɗaya ɓangaren, na hau mai komawa. Ina ta gaya wa kaina tana nan, ina za ta je? Na dawo, na ruga daidai inda na bar ta.

Babu ita. Babu mai atamfa.

Na bi dandamalin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na leƙa bayan ginshiƙai, na leƙa ƙarƙashin matakala. Koren mayafi take sanye da shi, sai duk wani kore a tashar ya dinga kirana: jakar wani, rigar wata yarinya, har kwandon shara. Sai zuciyata ta ce ai biyo ka ta yi a jirgi na gaba. Na sake hawa, na koma tasha ta gaba. Babu. Na wuce ta gabanta. Babu.

A nan waya ta yi ƙara. Abba.

"Babana, kuna ina?"

"Muna hanya, Abba."

"Ba ni Hajiya."

"Tana... tana lazimi."

"To ku hanzarta. Ni na iso."

Na kashe wayar. Ƙarya ba baƙuwata ba ce, kowa ya sani. Amma ban taɓa yin irin wannan ba.

Za ku ce me ya hana ni gaya wa ma'aikatan tashar, ga su nan birjik da rigunansu. Tambaya ce mai kyau. A Xiaobei karatun farko da ake yi wa baƙo shi ne kada ka kuskura ka yi yawo ba fasfo. Na ji manya suna maimaita shi a gidan abinci har na haddace. Sai ƙwaƙwalwata ta ɗan shekara goma sha huɗu ta lissafa cewa in na faɗa wa mai kaki, to na tona cewa akwai tsohuwa a tashar nan ba ta da takarda. Za su kama ta, su kama Abba, a rufe ofishinsa, a tura mu gida a cikin kwantena. Don haka duk inda na hango mai kaki sai in sauya hanya.

Na dawo tsohuwar tashar a karo na biyu. Na hau sama, inda hanyoyi suka rabu: wannan ta layin da muka fito, wannan ta tashar jirgin ƙasa, wannan ta fita titi. In ta bi ta titi fa? Motoci, ga ido guda. In ta bi taron masu akwatuna ta shige wani jirgin da zai kai ta ƙarshen duniya? Kuma tun karin safe ba ta ci komai ba, ga maganin da take ɗigawa a ido yana cikin jakar da ke kafaɗata.

Ina tsaye ina zufa sai wani ma'aikaci ya hango ni. Ya dubi wayarsa, ya dube ni, ya nuna ni da yatsa, ya ɗaga murya. Ya nufo ni.

Na ce shi ke nan, an kama ta, saura ni.

Na arce. Jaka na dukan bayana, na ratsa tsakanin wasu mata biyu, na haura buhun wani tsoho, na gangara matakala bibbiyu. Ina jin ma'aikacin a baya yana kira. Na shige cikin taro na duƙa bayan wani ƙaton akwati har sai da na daina jin muryarsa.

Waya ta sake ƙara. Abba. Ban ɗauka ba. Ta sake. Ta sake. Saƙo ya shigo: an fara shiga jirgi, kuna ina?

Na tsuguna jikin ginshiƙi, kuma tunda na yi alkawarin faɗar gaskiya, na yi kuka. Ba irin na maza mai hawaye ɗaya ba. Da majina da komai. Na dinga tuna yadda za a ba da labari a Kano: an kai ta gyaran ido, jikanta ya zubar da ita a rami. Na tuna yadda bakinta ya ce Maigida tana kallon inda ba ni.

Daga ƙarshe na yanke shawara. Ta ji Abba ya ce tashar kudu, watakila wani ya sa ta a jirgi zuwa can. Zan hau in tafi har can, ina duba kowace tasha, in ba ta nan in faɗa wa Abba ya kashe ni a huta. Tafiyar rabin awa ce. Da na hau, da na yi nisa da ita ke nan.

Jirgi ya zo. Ƙofa ta buɗe. Na sa ƙafa ɗaya ciki.

Sai na ji sunana.

Daga sama ya faɗo, daga lasifikar nan da na daina saurara tun wata takwas. Ba Babana ba, ba Maigida ba. Sunana na yanka, wanda malaman makaranta kawai ke kira. Muryar tsohuwa ce, tana rawa, ta ja ƙarshensa yadda ake kiran yaro daga ƙofar gida. Na daskare. Na san muryar, na san sunan, amma ban taɓa jin su tare ba.

Sai ta sake faɗa, a hankali wannan karon.

Ƙofa ta fara ƙara. Na janye ƙafata, ta rufe a gaban hancina.

Wata murya daban ta biyo, da Hausar mutanen Nijar: "Yaro, in kana ji, ka hau bisa, wurin teburin masu aiki kusa ga ƙohwar hita. Kakarka na nan lahiya lau. Kuma ka bar gudu, don Allah!"

Ban bar gudu ba. Ban san lokacin da na isa sama ba.

Tana zaune a kan kujera a bayan teburin, buta a cinya, an ba ta ruwan zafi a kofin takarda. Mai atamfar nan na tsaye kusa da ita. 'Yar kasuwa ce daga Maradi, ta yi shekaru tana zuwa sayen kaya, Sinancin bakinta ya fi nawa sau dubu. Ita ce ta riƙo kakata ta hau da ita sama, don taro ya kusa ture ta, kuma ƙafarta ba ta jure tsayuwa.

Na durƙusa gabanta. Ta ajiye kofin, ta sa hannu biyu ta shafa fuskata, ta laluba har ta kai kunnuwana, ta kama su ta tabbatar. Hannunta sanyi ƙalau. Sannan ta murɗe na dama har sai da na ga taurari.

"Ina ka shiga? Yaro ana magana da mutane sai ka ɓace?"

"Hajiya, ke ce fa kika ɓata."

"Ni? Ni da nake zaune wuri ɗaya?"

Mutuniyar Maradi ta riƙe haɓa. "Ɗana, kakarka ta gwada mini iyakata yau. Shehu na tashar nan," tana nufin shugabansu, "ya ce a ba shi sunan yaro a yi cigiya. Ta ce ba ta hwaɗi. To sunan ubanai, a nemo lamba tai? Ta ce ɗan fari ne, ba ta hwaɗi. To sunan mijinki? Sai ta dube ni kamar na zage ta. Na ce Hajiya, nan Sin ce, ba wanda ya san ki! Ta ce ita ta san kanta."

Ashe sau biyu ana cigiyata. Da fari da Sinanci, an ce ana neman yaro baƙi mai jaka. Sannan aka miƙa wa kakata abin magana ta yi ta kiran Maigida, har wasu Alhazai biyu da ba su san hawa ba suka zo duba lafiya. Ni lokacin ina cikin jirgi ina zarya. Kwatancena aka tura wa ma'aikata, shi ya sa wancan ya bi ni. Yana nan gefe ma, yana haki, yana fifita da hularsa. Ya dube ni ya faɗi wata magana, sauran suka kwashe da dariya.

"Ya ce a sa ka gasar gudu," in ji mutuniyar Maradi. Sai ta rage murya. "Da ya dawo ya ce ya gan ka ka tsere, a nan hankalinta ya tashi. Ta ce yaron nan ba ya gudu sai wani abu ya same shi. Na ce mata, Hajiya, cikin hayaniya irin wagga mutum sunansa kaɗai yake ji. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce in miƙo mata abin."

Na dubi kakata. Ta kau da kai tana gyara mayafi.

Na ce wa ma'aikatan shiye-shiye ya fi sau ashirin. A karon farko Sinancina ya yi amfani. Ba wanda ya kama kowa. Fasfo ɗin ma kallo ɗaya suka yi masa suka miƙo mini.

Jirgi dai ya tafi ya bar mu. Na kira Abba na faɗa masa komai. Da muka isa tashar kudu bai dake ni ba, bai zage ni ba, kuma na fi son a ce ya yi. Ya durƙusa ya gai da mahaifiyarsa, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba. Na sa masa takardar nan. Ya ninke ta, ya ɗaure a gefen mayafinta da kansa, ya tafi sauya mana tikiti zuwa jirgin yamma.

Yana ba da baya na matsa kusa da ita. Hali ba ya barin mutum.

"Hajiya, ɗazu kamar na ji wani suna a lasifika."

"Na'urarsu ce."

"Da muryarki?"

"Ka san mutanen nan ba abin da ba sa ƙerawa." Sai ta lalubo hannuna ta riƙe, ita da ta ce ba makauniya ba ce. "Abin da ka ji a ramin nan, a ramin nan ya tsaya."

Ba ta saki hannun ba har muka shiga jirgi.

Abin da na koya? Takarda a jikin mai ita ake sa ta, wannan ɗaya. Mai kaki in ya kira ka, wani lokacin kakarka ce ta aiko shi. Amma babban abin shi ne, da can ina ɗaukar kunyar nan tata abin wasa ne, abin da zan ɗana wa tarko da goro. Ranar na gane abu ne da ta riƙe shekara hamsin ba ta bari ya faɗi ba, kuma ta ajiye shi a gaban dubban baƙi saboda wani mai kunne kamar faifai.

Tana Kano yanzu, idanu biyu garau, tana ganin munina ta waya duk Juma'a. In ta kira sai in ce, "Wa ake nema? A faɗi suna." Ta ce, "Ba ni uwarka, ɗan nema." Ba ta sake faɗa ba, kuma na daina so ta faɗa. Sai da na tambaye ta kafin in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, ai ba wanda zai yarda da ni.

Har yau nakan sauya layi a tashar nan, kuma ina isa nake cire abin jin waƙa daga kunnena. Sau biyu ta kira sunan. Na farko da ƙarfi, wannan nawa ne, na sani. Na biyun, wanda ta faɗa a hankali, na daɗe ina juya shi. Ba na jin ni take kira.